Ƙurajen Balaga: Bayani ga Hakimai da Malamansu Game da Yaran Kantin Kwari da Kewaye

Kantin Kwari, a ƙasar Fagge, ita ce babbar kasuwar tufafi ta Kano, ana kuwa lissafta ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Fatake su kan zo daga Nijar da Cadi da Kamaru don sarin atamfa da shadda da leshi da yadi. Wanda ya lura zai ga da yawa daga cikin masu ɗaukar dila, da masu auna yadi, da masu kiran mai saye, yara ne masu tasowa: yaran kanti, da 'yan dako, da 'yan tebur, da 'yan mata masu tallan abinci. Shekarunsu kuwa su ne shekarun da ƙurajen fuska suka fi fesowa.

Ƙurajen balaga ba su kisa, shi ya sa manya ba su cika kula da su ba. Amma suna da ɓarna iri uku. Suna barin tabo wanda mutum zai zauna da shi har tsufa. Suna sa yaro baƙin ciki da jin kunyar shiga mutane. Na uku kuwa, wanda ya fi muni, suna tura yaro neman magani a hannun wanda bai sani ba, ga shi kuwa daga Kwari zuwa Sabon Gari, inda kayan shafe-shafe suka cika rumfuna, tafiyar ƙafa ce kaɗan. An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu su san asalin abin, su kuma isar da bayani ga dagatai da masu unguwa da iyaye da iyayen gida na kasuwa.

Asalin ƙurajen

A gindin ƙofar gashi ta jikin mutum akwai wata 'yar jaka ƙarama ƙwarai, wadda ba a ganinta sai da madubin likita. Aikinta yin maiƙo, wanda ke fitowa ta ƙofar gashin ya shafe fata don kada ta bushe. Jakunkunan nan sun fi yawa a fuska da ƙirji da gadon baya, saboda haka nan ne ƙurajen suka fi fita.

Sa'ad da yaro ya kusa balaga, jikinsa ya kan fara yin waɗansu sinadarai masu bin jini. Su ne ke buɗe muryar namiji, su fito masa da gashin baki. Mace ma tana da irinsu, sai dai nata ba su kai na namiji yawa ba. Sinadaran nan su ke sa jakunkunan maiƙo su girma, su riƙa zubo maiƙo fiye da da. To, fatar da ke cikin ƙofar gashi kullum saɓa ta ke yi, kamar ta waje. In saɓar ta cakuɗe da maiƙo sai ta toshe ƙofar, kamar yadda shara ke toshe kwata da damina.

In bakin ƙofar a rufe ya ke, sai a ga ɗan tsiro fari. In a buɗe ya ke, iska ta taɓa abin da ke ciki, sai ya yi baƙi. Baƙin nan ba dauɗa ba ne, sabulu kuwa ba ya fid da shi. Har wa yau akwai waɗansu ƙwayoyi da ke zaune a fatar kowane mutum, mai ƙuraje da marar ƙuraje. In suka sami ƙofa a toshe, cike da maiƙo, sai su hayayyafa, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. In jakar ta fashe ta ciki, ƙurjin ya kan zama ƙullutu mai zurfi kamar maruru. Irin wannan shi ke barin rami a fuska.

Likitoci sun ƙiyasta wajen mutum 8 cikin 10 su kan yi ƙurajen nan, da yawa ko kaɗan, tsakanin shekara 12 da 24. 'Yan mata su kan riga samari farawa, don sun riga su balaga, amma masu tsanani sun fi kama samari. Akwai kuma gado a ciki. Yaron da uwarsa ko ubansa ya yi fama da su ya fi kusa da yinsu, saboda haka ya kamata a fara lura da shi da wuri.

Abin da jama'a ke faɗi

Waɗansu na cewa ƙazanta ce. Ba haka ba ne. Yaro ya kan yi alwala sau biyar, ya yi wanka safe da yamma, amma su fito masa, domin toshewar daga ciki ta ke.

Waɗansu na tsammanin ana ɗauka. Ba a ɗaukarsu ta hanyar gaisuwa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko kwana a ɗaki ɗaya. Babu dalilin ware yaro, ko hana saye a hannun yarinya mai talla saboda su.

Waɗansu na cewa alamar son aure ce, da an yi aure za su tafi. Aure ba maganinsu ba ne. Akwai matan aure da magidanta da ke da su. Abin da ya sa a ke ganin kamar aure ya kore su shi ne ga yawancin mutane su kan lafa da kansu bayan shekara 20.

Waɗansu kuma na cewa dattin ciki ne ko mataccen jini, sai su ba yaro maganin wankin ciki, ko su kai shi ga wanzami a yi masa ƙaho. Wannan wahala ce kawai, ba ta taɓa ƙofar da ta toshe.

Game da abinci kuwa, an daɗe ana zargin gyaɗa da ƙuli-ƙuli da abinci mai maiƙo, amma binciken likitoci bai tabbatar da laifinsu ba. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne yawan kayan zaƙi, kamar lemon kwalba da alewa da shayi mai sukari da yawa da farin burodi, ya kan ƙara su ga waɗansu, haka kuma yawan shan madara. Yaron da ya rage waɗannan, ya riƙe tuwon dawa da gero da wake da ganye, ya yi wa jikinsa gata ko da ƙurajen ba su tafi ba.

Abin da ke tsananta su a kasuwa

Zaman kasuwa yana da abubuwan da ke ƙara wa ƙurajen ƙarfi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano ya kan kai awo 40, layukan Kwari kuwa a matse su ke. Gumi da gugar tufa a wuri ɗaya su kan fito da ƙuraje a daidai wurin. Shi ya sa ɗan dako ya kan same su a goshi inda gammo ke sauka, da kafaɗa da baya inda dila ke gugarsa. Haka hula mai matse goshi, da bakin hijabi ko niƙabi na yadin roba wanda ba ya shan gumi.

Man gashi mai kauri shi ma ya kan gangaro ya toshe ƙofofin goshi da gefen fuska. Da hunturu kuwa mutane su kan lafta mai mai nauyi, kamar basilin da man alayyadi da man kwakwa. Waɗannan sun dace da hannu da ƙafa da kaushi, amma ban da fuskar mai ƙuraje. Ƙarancin barci da damuwar jarrabawa su ma suna tayar da su. Ga 'yan mata kuwa su kan ƙaru in haila ta kusa, wannan ba abin tsoro ba ne.

Kulawar yau da kullum

Abin da a ke so yaro ya riƙe bai da yawa, ba ya kuwa cin kuɗi.

1. Ya wanke fuska da sabulu marar kaifi sau biyu a rana, safe da dare, da tafin hannu kawai. Ruwan alwala ba ya cutarwa, sabulu ne ba a so ya wuce sau biyu.
2. Kada ya dirje fuska da soso. Dirza tana fasa ƙurji, ta ƙara baƙin tabo. Dilka da sauran kayan gyaran jiki masu gurza fata, a dakata da su a fuska sai ƙurajen sun kwanta.
3. Kada ya matse, kada ya tsokane da allura ko tsinke ko reza, kada kuwa a yi masa sakiya. Matsa tana tura mugunya ciki. Ƙurjin da ke kan hanci da leɓen sama ya fi haɗari, domin jijiyoyin jini na wurin suna haɗe da na cikin kai.
4. Kada ya shafa lemon tsami, ko man goge baki, ko toka, ko kanwa, ko tafarnuwa. Suna ƙona fata, in ƙunar ta warke sai ta bar baƙi.
5. Ya riƙa wanke hula da hijabi da tsumman gammo da rigar matashin kai, ya kuma ɗauraye jiki in ya tashi daga aikin gumi.
6. Yarinya mai kwalliya ta wanke hoda da jan kumatu kafin ta kwanta.

Magungunan da likitoci suka yarda da su

In ƙurajen kaɗan ne, maganin shafawa ya isa. Na farko shi ne benzoyil feroksaid. Yana kashe ƙwayoyin nan, yana taimakawa wajen buɗe ƙofar gashi. A fara da mai sauƙi, na kashi 2.5 ko 5 cikin 100, domin mai ƙarfi bai fi shi aiki ba, ya dai fi shi busar da fata. Akwai gargaɗi musamman ga yaran Kwari: maganin nan yana cin launin tufa. Yaron da ya shafa shi bai wanke hannu ba, ya taɓa turmin atamfa ko rinanniyar shadda, zai bar mata farin tabo wanda ba ya fita, ya jawo wa maigidansa hasara. Sai ya shafa da dare, ya wanke hannu da sabulu, ya kwanta a kan farin ƙyalle, da safe ya wanke fuska kafin ya fita. Launin tufa ya ke ci, ba ya canza launin fata.

Na biyu shi ne adafalin, wanda ke hana ƙofar gashi toshewa. A ɗibi kamar ƙwayar wake, a shafe duk inda ƙurajen ke fita, da dare. Da fari a riƙa tsallake kwana ɗaya, har fata ta saba. Mai ciki da mai neman ciki ba su shafa shi. Akwai na uku, azelayik, wanda ke rage ƙuraje da baƙin tabo tare, likita kuwa ya kan ba mai ciki shi.

Babban abin da ke kayar da mutane shi ne rashin haƙuri. Magungunan nan ba su nuna aiki sai bayan mako 6 zuwa 8, ba a kuwa yanke hukunci a kansu sai an cika mako 12. A makonnin fari fuska ta kan bushe, ta yi saɓa, wani lokaci ma ƙurajen su ƙaru. A nan yaro ya kan yar da magani ya nemi wani. Aikin babba ne ya gaya masa tun da fari cewa haka abin ya ke, sannu ba ta hana zuwa. In sun kwanta kuma ba a daina shafawa gaba ɗaya, sai da shawarar likita.

In ƙurajen suna da yawa, masu ja da mugunya, likita ya kan ƙara da maganin sha mai kashe ƙwayoyin cuta, kamar doksisaikilin, galibi na wata 3, tare da na shafawa. A sha shi da ruwa cikakken kofi, kada a kwanta nan da nan. Ba a ba mai ciki ko ƙananan yara. Sayen kafso biyu ko uku a farantin mai talla, a sha yau a bari gobe, ba ya warkar da ƙuraje. Abin da ya ke yi shi ne koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ran da babbar cuta ta zo maganin ya ƙi ci.

Ga masu ƙullutu mai zurfi akwai aisotiretinoyin, wanda aka fara aiki da shi a Amurka a 1982. Yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙo, da yawan waɗanda suka sha shi kuwa sun rabu da ƙurajen. Amma yana nakasa ɗan da ke ciki mummunar nakasa. Lalle ne kada mace ta ɗauki ciki tana shansa, har sai wata guda ya wuce bayan ta gama. A ƙasar da 'yan mata da yawa ke aure da ƙuruciya wannan magana ba ta wasa ba ce. Likitan fata kaɗai ke ba da shi, yana duba mai sha a kai a kai. Wanda aka ba kada ya sam wa wani.

Man bilicin

A baƙar fata, in ƙurji ya warke ya kan bar ɗigon baƙi. Sau da yawa ɗigon ya fi ƙurjin damun yarinya. Ɗigon nan ba rami ba ne, ya kan dushe da kansa cikin watanni in an hana sababbin ƙuraje fita, an kuma rage tsayawa cikin rana. Amma mai gaggawa sai ta nufi mai sayar da mai, ya haɗa mata wani a kwalba marar suna. A nan a ke zuwa neman gira a rasa ido.

Abubuwa uku aka fi samu a irin wannan mai. Na farko sitiroyid, kamar kulobetasol da betametason. Magani ne na gaske ga waɗansu cututtukan fata, amma ba na ƙurajen balaga ba. A kwanakin fari ya kan kwantar da ja da kumburi, fuska ta yi haske, mai shafawa ta ce ta dace. Bayan makonni sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, makero ya bazu, sa'an nan sababbin ƙuraje su feso da yawa, duk girmansu ɗaya. In ta daina fuska ta yi zafi da ƙaiƙayi, sai ta koma. Man nan da a ke cewa mai aiki uku, wanda a ke saye a kemis don kowane ƙaiƙayi, galibi akwai sitiroyid a cikinsa. Na biyu haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafa shi ya kan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar magani ƙwarai. Na uku zaiba, wadda ke ratsa fata ta lalata ƙoda, ta kuma cuci ɗan da ke ciki da mai shan nono.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don lura da abinci da magunguna, ta hana sa zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, a 2023 kuma ta bayyana bilicin a kan babbar barazana ce ga lafiyar jama'ar ƙasa. A 2024 aka tilasta wa masu sarin magani na Sabon Gari su koma cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, kan hanyar Zariya, don a sami damar sa ido a kan abin da a ke sayarwa. Amma mai haɗa mai a ɗakinsa, yana tallarsa ta wayar hannu, sai mai unguwa da maƙwabta ne ke iya saninsa. Duk man da ba shi da suna, ko jerin abin da ke ciki, ko lambar NAFDAC, kada a shafa shi. Wadda ta riga ta daɗe tana shafa mai sitiroyid kuwa, ta je asibiti a nuna mata yadda za ta rabu da shi.

Lokacin da za a tafi asibiti

A kai yaro ga likita in ƙurajen sun zama ƙullutu masu zafi, ko sun fara barin rami, ko tabon yana tasowa yana kauri a ƙirji da muƙamuƙi, ko an cika mako 12 ana magani babu sauƙi. A kai yarinya in tare da ƙurajen hailarta ta rikice, ko gashi na fito mata a haɓa, domin wannan ya kan nuna damuwa a sinadaran jikinta. A fara da asibitin da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai likitocin fata.

Ya kamata malamai su san kuma ba kowane ƙurji ne na balaga ba. Na balaga a hankali su ke zuwa, ba su zuwa da zazzaɓi. Ƙurajen da suka feso cikin kwana biyu ko uku tare da zazzaɓi, masu ruwa, har a hannu da ƙafa, suna iya zama ƙarambau ko ƙyandar biri. Waɗannan ana ɗauka, sai a sanar da ma'aikatan lafiya nan da nan. Masu ƙaiƙayi da dare a tsakanin yatsu, waɗanda suka kama 'yan ɗaki ɗaya, ƙazuwa ce. Na gemu da ƙeya bayan aski kuwa daban su ke, maganinsu ya fara daga rage ƙwalƙwal.

Zuciyar yaro

Abin da babba ke gani ƙaramin abu, ga mai shekara 15 babba ne. Yaron da abokan aiki suka laƙaba wa suna saboda fuskarsa ya kan daina fitowa gaban mai saye. Yarinya ta kan ƙi makaranta, ta ƙi biki. Likitoci sun tabbatar ciwon damuwa ya fi yawa ga masu ƙuraje masu tsanani. Uba ko maigida wanda ya ga yaronsa ya janye daga mutane, ya rage ci, ko yana maganar gajiya da rayuwa, kada ya ɗauka shagwaɓa ce. Ya zauna da shi, ya saurare shi, ya kai shi asibiti. Faɗa da gori ba su kwantar da ƙurji ko ɗaya.

Abin da a ke roƙon hakimai

Sarakuna da hakimai sun saba da irin wannan aiki. Da taimakonsu aka yi lambar agana, har ta ƙare a Nijeriya a 1970, duniya duka kuma aka tabbatar ta rabu da ita a 1980. Da su aka bi gida gida kan shan inna, har aka tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Wannan aiki bai kai waɗancan nauyi ba. Ga abin da a ke roƙo:

1. Malamin hakimi ya karanta wa dagatai da masu unguwa takardar nan a taronsu, su kuma su kai ta ga iyaye.
2. A gana da shugabannin Kantin Kwari da na Sabon Gari, a roƙi iyayen gida su ba yaro izinin zuwa asibiti ran da aka sa masa, kada a yanke masa kuɗin abinci saboda haka.
3. A yi magana da sarakunan aska su hana sakiya da tsaga a kan ƙurajen fuska.
4. A jawo hankalin masu kemis da masu gyaran amare kada su ba da mai sitiroyid don ƙuraje ko don haske.
5. Mai unguwa in ya san inda a ke haɗa mai marar suna ana sayarwa, ya sanar da hakimi, hakimi ya sanar da NAFDAC.
6. A roƙi shugabannin makarantun boko da na Islamiyya su bar ma'aikacin lafiya ya yi wa ɗalibai bayani, maza daban, mata daban.

Ƙurajen balaga baƙi ne, ga yawancin yara za su tafi. Tabon da matsa da man bilicin suka bari shi ne ba ya tafiya. Wanda ya sa aka kai yaro asibiti tun ƙurjin bai zama rami ba, ya yi masa alherin da zai gani a fuskarsa muddin ransa. Allah ya ba da lafiya, ya raya zuriya.